Wakilci: Ikon Yin Aiki a Madadin Wani

Wakilci shi ne mutum ya ɗora wani a matsayinsa domin ya zartar masa da al'amarin da shi kansa yake da ikon zartarwa, ta yadda duk abin da ya biyo bayan aikin, riba ko asara, haƙƙi ko nauyi, zai koma kan wanda ya yi naɗin. Wakili ne ke buɗe baki ya ce ya sayar, amma gidan da ya fita daga hannu na wani ne, kuɗin da aka ƙirga ma na wani ne. Wakili ne ke karɓar aure a ƙofar gida, amma ango ne ke wayar gari da mata. Wannan ya sa malaman fiƙihu da masana doka suka daɗe suna nazarin tambaya guda: ta yaya maganar wani mutum za ta ɗaure wani mutum dabam, kuma ina iyakar wannan ɗauri? Amsar da shari'ar Musulunci da dokokin zamani suka fi haɗuwa a kanta ita ce, ikon wakili na aro ne. Daga mai haƙƙi ya fito, da yardarsa yake tafiya, kuma ba ya wuce abin da mai haƙƙin ya mallaka.

Dalilin halaccinsa

Tushen wakilci buƙata ce. Ba kowa ne ya iya ciniki ba, ba kowa ne ke iya tsayawa gaban alƙali ya tsara magana ba, kuma mutum ɗaya ba ya kasancewa a Kano da Makka a rana guda. Akwai mara lafiya, da matafiyi, da tsoho, da matar da ba ta fita kasuwa, da attajirin da harkokinsa suka fi ƙarfin hannu biyu. Hausawa kan ce zuwa da kai ya fi aike, amma da za a ce dole kowa ya je da kansa, da rabin al'amuran duniya sun tsaya.

Malamai sun kafa hujja da labarin mutanen kogo a cikin Suratul Kahfi, inda suka aiki ɗayansu birni da kuɗin azurfa ya sayo musu abinci, da kuma ambaton ma'aikatan zakka a Suratut Tauba, waɗanda ke karɓa a madadin shugaba. A Sunna kuwa misalan suna da yawa. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ba Urwatul Bariƙi dinari guda ya sayo masa tunkiya. Ya wakilta Amru bin Umayya wajen aurensa da Ummu Habiba lokacin tana ƙasar Habasha. A Hajjin Bankwana ya soke raƙuma 63 da hannunsa daga cikin 100 na hadaya, ya bar wa Sayyidina Ali ragowar. Saboda waɗannan dalilai, babu saɓani tsakanin mazhabobi a kan cewa wakilci halal ne. A mazhabar Malikiyya, wadda kotunan shari'a na Arewacin Najeriya ke aiki da ita, Muhtasar na Shehu Halilu da Tuhfatul Hukkam na Ibnu Asim kowannensu ya ware wa wakilci babi na musamman.

Rukunansa da abin da ya bambanta shi da makamantansa

Rukunan wakilci huɗu ne: mai naɗawa, da wakili, da abin da aka yi wakilcin a kansa, da kuma sigar da ta nuna an yi naɗin. Sharaɗin mai naɗawa shi ne ya zamo shi kansa yana da ikon yin abin. Yaro ƙarami ba ya naɗa wakilin da zai sayar da gonarsa, domin shi ma bai isa ya sayar ba, kuma mutum ba ya ba da abin da ba shi da shi. Siga kuma ba ta da lafazi ɗaya tilo. Duk abin da al'ada ta san yana nufin naɗi ya isa, magana ce ko rubutu ko ishara. Wanda ya miƙa wa dillali igiyar sa a kara, ya faɗa masa kuɗin da ba zai sallama ƙasa da shi ba, ya riga ya naɗa wakili ko da bai furta kalmar ba.

Ibnu Arafa, babban malamin Malikiyya na Tunis da ya rasu a 1401, ya zana wa wakilci iyaka ta hanyar fitar da abubuwa uku daga cikinsa: naɗin mulki, da ibada, da kuma duk ikon da bai fara aiki sai bayan mutuwar mai bayarwa. Saboda haka alƙalin da sarki ya naɗa ba wakili ba ne a wannan ma'ana, na'ibin liman ma haka, wasiyyi ma haka. Abin da ke raba waɗannan matsayi shi ne inda ikon ya fito. Ikon waliyyi a kan yaro ko mahaukaci shari'a ce ta ba shi, ba wanda ake yi wa walicci ba, shi ya sa yaro ba ya sauke mahaifinsa. Ikon wasiyyi daga mamaci ya fito, kuma ranar da wakilci ke ƙarewa ita ce ranar da wasicci ke farawa. Ɗan aike kuwa magana kawai yake ɗauka daga baki zuwa kunne, ba shi da zaɓin ƙari ko ragi. Wakili yana tsakanin waɗannan: yana da hankalinsa da zaɓinsa a cikin aikin, amma wanda ya naɗa shi na iya sauke shi.

Wurin ɗaurin aure a ƙasar Hausa na nuna wannan bambanci a sarari. An shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, ga goro da alawa a faranti, liman na tsakiya. A gefe guda ga wakilin ango, galibi baffansa ko yayansa, yana neman auren wance ga wane a kan sadaki kaza. A ɗaya gefen ga waliyyin amarya yana cewa ya bayar. Sau da yawa uban yarinya yana zaune a wurin amma ya bar wa ƙanensa ko wani dattijo ya bayar, domin kara da girmamawa. A nan mutumin da ya yi magana wakilin waliyyi ne, walicci kuwa yana nan a hannun uba. Malikiyya sun sassauta wa ango, suka ce yana iya wakilta kusan kowa ya karɓar masa, amma waliyyi ba ya wakilta sai wanda ya cika sharuɗɗan walicci kamarsa. Dalili shi ne ango kansa yake ɗaurewa, waliyyi kuwa amanar wata ce a hannunsa.

Abin da ake wakilci a kansa da wanda ba a yi

Wannan shi ne babin da ya fi zurfi, domin a nan ake gane abin da ke rabuwa da mutum da abin da ba ya rabuwa da shi. Shihabuddin Alƙarafi, malamin Masar da ya rasu a 1285, ya yi bayani a littafinsa Alfuruƙ cewa ayyuka iri biyu ne. Akwai aikin da amfaninsa ke samuwa ko wane ne ya yi shi, kamar biyan bashi, da mayar da ajiya, da raba zakka, da yanka layya. Wanda ake bi bashi idan ya aiko ɗansa da kuɗi, mai bin bashin ya samu haƙƙinsa cif. Akwai kuma aikin da amfaninsa yana cikin mai yin ne kansa. Manufar salla ƙanƙan da kai ga Allah da gyaran zuciya, kuma idan wani ya yi ruku'u, zuciyar da ta rusuna tasa ce. Manufar azumi horon rai ne, kuma yunwar wani ba ta horar da ran wani. Imani ma haka yake, tuba ma haka.

A kan wannan ma'auni aka hana wakilci a rantsuwa. Alƙali na sa mutum ya rantse ne domin tsoron Allah ya tilasta masa faɗin gaskiyar da ya sani, to idan wani ya rantse masa, rantsuwar ba ta shaida komai a kan gaskiyarsa ba. Saɓon Allah ma ba a wakilci a kansa. Wanda ya tura wani ya yi sata ko ya yi kisa bai naɗa wakili ba, domin tun farko shi kansa ba shi da haƙƙin aikata abin.

Hajji ya faɗo a tsakiya, domin ibada ce ta jiki da ta dukiya a haɗe, shi ya sa aka yi saɓani. Hanafiyya da Shafi'iyya da Hambaliyya sun halatta a yi wa wanda tsufa ko ciwo marar warkewa ya hana shi tafiya, suna kafa hujja da hadisin matar nan ta ƙabilar Has'am da ta tambayi Annabi game da mahaifinta tsoho. Imam Malik ya rinjayar da ɓangaren jiki, yana ganin wanda ba shi da iko farilla ta faɗi a kansa, sai dai idan mamaci ya bar wasiyya a yi masa, sai a zartar daga sulusin dukiyarsa. A cikin aikin hajjin kansa, ana yi wa mara lafiya jifa, kuma galibin alhazai a yau ba sa ganin dabbar hadayarsu da ido. Kuɗi suke biya, wasu su yanka a madadinsu, kamar yadda ake yi ta shirin da Bankin Raya Ƙasashen Musulmi ya fara gudanarwa a 1983.

Iyakar iko da nauyin amana

Wakilci yakan zama keɓantacce, kamar a ce wa mutum ya sayar da wannan gona, yakan kuma zama gamamme, inda aka sakar masa ragamar dukkan harkoki. Ko a gamammen, Malikiyya sun ware wasu abubuwa da wakili ba ya taɓawa sai an ambace su da suna, daga ciki akwai sakin matar mai naɗawa, da aurar da 'yarsa budurwa, da sayar da gidan da yake zaune a ciki. Hikimar ita ce babu mai hankalin da ke nufin waɗannan idan ya ce wa wani ya kula masa da al'amuransa. Inda magana ta yi shiru, al'ada ce ke fassara ta. Wanda aka ba kaya ya sayar ba tare da an yanka masa farashi ba, dole ya sayar a kan kuɗin kasuwa, da kuɗin garin, kuma hannu da hannu, sai fa idan an yi masa izinin bashi.

Wakili amintacce ne a idon shari'a. Idan kaya suka salwanta a hannunsa ba tare da sakaci ko ƙetare iyaka ba, babu biya a kansa. Idan ya yi sakaci ko ya saɓa umarni, ya zama mai lamuni. Wanda aka ba kuɗi ya kai wa mai bin bashi, ya miƙa ba tare da shaidu ba, daga baya mai bin bashin ya musa, shi zai biya, domin rashin kafa shaida sakaci ne. An kuma hana wakili ya sayar wa kansa kayan da aka ba shi, ko ya sayar wa yaron da ke ƙarƙashin kulawarsa, saboda mai sayarwa tsada yake so, mai saye kuma araha, kuma zuciya ɗaya ba ta riƙe muradin biyu da adalci. Haka nan ba ya naɗa wani wakilin a ƙarƙashinsa ba da izini ba, sai idan aikin ya yi masa yawa ko ba irin wanda ya saba yi da hannunsa ba ne, domin shi aka amince wa, ba wanda shi ya amince wa ba.

Karɓar lada a kan wakilci halal ne. La'adar dillali da kuɗin aikin lauya duk a wannan babi suke, haka ma tsarin da kamfanonin takaful da bankunan Musulunci ke bi wajen juya dukiyar mutane a kan lada sananne. Abin da ba ya halatta shi ne ribar ɓoye. Dillalin da ya sayar da sa a kan kuɗi kaza, ya gaya wa mai shi ƙasa da haka, ya soke bambancin a aljihu bayan ya karɓi la'adarsa, ya ci amana, sai dai idan tun farko mai san ya ce duk abin da ya haura kaza nasa ne.

A gaban alƙali akwai ƙarin sharuɗɗa, domin akwai mutum na uku da ake kare wa haƙƙi, wato abokin shari'a. Malikiyya ba su yarda a naɗa wakili fiye da ɗaya a ƙara guda ba sai da yardar abokin shari'a, ba a naɗa maƙiyinsa domin a muzguna masa, kuma wakili ba ya yin iƙirari a madadin wanda ya naɗa shi sai an ba shi wannan iko. Bayan an yi zama uku ana fafatawa, ba a canza wakili sai da uzuri, don kada a riƙa mayar da shari'a baya.

Akwai kuma wanda ya yi shisshigi, ya sayar da kayan wani ba tare da an sa shi ba. Malikiyya da Hanafiyya sun ce cinikin na rataye ne: idan mai kaya ya amince ya tabbata, idan ya ƙi ya rushe. Hujjarsu labarin Urwa ne, domin da dinarin nan ya sayi tumaki biyu, ya sayar da ɗaya a kan dinari, ya dawo da tunkiya da dinari, Annabi kuma ya yi masa addu'ar albarka. Imam Shafi'i a ra'ayinsa na ƙarshe ya ce irin wannan ciniki ɓatacce ne tun daga tushe.

Ƙarewar wakilci

Wakilci na ƙarewa idan aikin ya kammala, ko wa'adi ya cika, ko mai naɗawa ya sauke wakili, ko wakili ya ajiye, ko ɗayansu ya rasu. Mutuwar mai naɗawa ita ce mutane suka fi yin kuskure a kanta. Da zarar rai ya fita, dukiya ta tashi daga hannun mamaci ta koma ga masu bin bashi da wasiyya da magada. Ɗan da mahaifinsa ya ba katin banki yana cire masa kuɗi lokacin jinya, idan ya ci gaba da cirewa bayan rasuwa, ko da don hidimar zaman makoki ne, yana taɓa rabon marayu da na sauran magada ne ba da izininsu ba.

Gushewar hankali ta fi wuyar warwarewa. Mafi yawan malamai na ganin hauka mai ɗorewa na rushe wakilci, Malikiyya kuma suka ce idan abin ya tsawaita sai al'amarin ya koma hannun alƙali. Dokar Ingila ma a da haka take, wanda ke nufin takardar wakilci na mutuwa a daidai lokacin da aka fi buƙatarta, wato lokacin da tsufa ya ruɗar da mai ita. Saboda haka aka yi doka a 1985, aka kuma sabunta ta a 2005, wadda ta ba mutum damar naɗa wakili tun yana da lafiya wanda ikonsa zai ci gaba bayan hankalinsa ya raunana. Faransa ta yi makamanciyarta a 2007. Irin wannan iko ya fi kusa da walicci, tun da mai bayarwa ba ya iya sa ido ko saukewa, shi ya sa dokokin suka haɗa shi da rajista da sa idon hukuma.

Takardar wakilci a dokokin zamani

Dokar Rumawa ta dā ba ta yarda cinikin da wani ya ƙulla ya ɗaure wani kai tsaye ba. Wanda aka aika shi ke ɗaukar nauyin, daga baya ya miƙa wa mai aike. Sannu a hankali Turai ta karɓi ra'ayin wakilci na kai tsaye. Kundin dokokin farar hula na Faransa na 1804 ya ware masa babi daga sashe na 1984, kuma wannan tsari ne Jamhuriyar Nijar ta gada. A 1866 masanin doka na Jamus, Paul Laband, ya bambanta abu biyu da ake cuɗawa: umarnin da ke tsakanin wakili da wanda ya naɗa shi, da kuma ikon da mutanen waje ke gani. Amfanin rabewar shi ne kare wanda ya yi ciniki da wakili da zuciya ɗaya, ba tare da ya san abin da aka faɗa a ɗaka ba. A ɓangaren Musulmi, Majalla, wato kundin dokokin Daular Usmaniyya ta Turkiyya, wadda aka kammala a 1876, ta tsara hukuncin wakilci sashe-sashe bisa mazhabar Hanafiyya.

A Najeriya an fi sanin takardar wakilci a cinikin filaye. Dokar Amfani da Filaye ta 1978 ta sharɗanta amincewar gwamna kafin a mayar da haƙƙin fili mai takardar gwamnati zuwa hannun wani, kuma neman wannan amincewa na cin kuɗi da lokaci. Sai aka saba, musamman a manyan birane, mai sayarwa ya karɓi kuɗinsa ya sa hannu a takardar da ta naɗa mai saye wakilinsa a kan filin, da sharaɗin ba za a soke ta ba. Mai saye ya adana takarda a akwati yana ganin ya mallaki fili. Kotun Ƙoli, a shari'ar Ude da Nwara ta 1993, ta bayyana cewa takardar wakilci ba ta mayar da mallaka, izini kawai take bayarwa a yi aiki da sunan mai fili. Wannan ya yi daidai da abin da malaman fiƙihu suka faɗa tun ƙarnoni da suka wuce. Wanda ya tsaya a kan wannan takarda ita kaɗai, bai ƙarasa da takardar sayarwa da amincewar gwamna ba, a idon doka wakili ne a kan abin da ya biya kuɗinsa.

Alhaki

Tambaya ta ƙarshe ita ce wa ke ɗaukar alhakin aikin wakili. Thomas Hobbes, a littafinsa Leviathan na 1651, ya raba tsakanin mai yin aiki da mai mallakar aikin, ya ce abin da wakili ya yi da izini na wanda ya ba da izinin ne, a kan haka kuma ya gina ra'ayinsa na hukuma a matsayin wakiliyar jama'a. Ta fuskar haƙƙoƙin dukiya, shari'ar Musulunci ta yarda da wannan. Ta fuskar zunubi kuwa ba ta yarda wakilci ya wanke kowa ba. Wanda ya tura dillalinsa ya ɓoye aibin kaya yana da laifin umarni, dillalin kuma yana da laifin aikatawa, kuma cewa "sa ni aka yi" ba uzuri ba ne, domin babu biyayya ga wani mahaluƙi a cikin saɓon Mahalicci. Lauyan da ya san ƙarar ƙarya ce ya tsaya mata, ya yi tarayya a zalunci.

Daga cikin sunayen Allah akwai Alwakilu, sai dai wakilcinsa ba irin na bayi ba ne, domin ba wani ne ya ba Shi iko ba, ba kuma mai sauke Shi. Wakilin ɗan Adam kuwa naɗa shi ake yi, a iyakance masa, a tambaye shi, a sauke shi. Saboda haka wajibi ne mai naɗawa ya zaɓi amintacce, ya fayyace abin da ya ba da izini a kai, ya rubuta, ya kafa shaidu. Wajibi ne kuma wakili ya tsaya inda aka tsayar da shi, ya ba da lissafi dalla-dalla, ya janye hannunsa ranar da ikonsa ya ƙare.